Takardar Nomau

Nomau ya zo da takarda a aljihu,
ninki huɗu, gefenta ya sha maiko.
Ya jira sai da na kashe injin walda,
sai da ƙofar Alhaji Algabit ta huce,
sannan ya ce, Maigida, ina da magana.

Shekararsa uku a rumfata, nan Tawa.
Ya zo hannunsa na rawa in ya riƙe guduma.
Yau ɗinkin waldarsa ya fi nawa laushi,
kuma ban taɓa faɗa masa ba.

Ya ce an tara su bayan kasuwa,
wata mai tabarau daga ofishin ƙwadago
ta ce lada tana da gindi kamar rijiya,
akwai inda ba a sauka ƙasa da shi.
Ta ce ko hannu yana koyo,
gumi ba ɗan koyo ba ne.

Na yi dariya har na tofar da goro.
Ni wa ya biya ni?
Shekara bakwai wurin Baba Jibo,
dala ashirin ran Juma'a,
in ya tuna,
da mari in na manta.
Dubi idona na hagu, inda tartsatsi ya zauna.
Sana'ar ita ce albashin, yaro.

Bai ɗaga kai ba.
Ya ce, Innata na zuwa wurin mai gero,
shi kuwa tiyarsa ba ta auna "wata rana".

Da dare na ɗauki alli,
na durƙusa gaban bangon rumfa.
Haya. Kuɗin wuta, ko an kawo ko an ɗauke.
Sandar walda da ta tashi.
Haraji. Bashin mai ƙarfe.
Kuɗin makarantar Zuwaira.
Alli ya kusa ƙarewa, bango bai ba ni gaskiya ba
sai da na ƙirga ƙofofi:
sha ɗaya muka fitar a watan nan,
bakwai hannun Nomau ne.
Sunana ke kan duka.

Sai Baba Jibo ya faɗo mini.
Ran da ya rasu ni na ɗauki gaban makara,
har muka dawo idona bai kawo ruwa ba.
Shekara ashirin ina cewa tartsatsi ne ya ƙone hawayen.

Motar Abijan kuma ba ta tambayar kowa takarda.
Ta tafi da Cindo bara,
ta tafi da Asumane kafin azumi,
yara masu hannu,
yanzu suna tura amalanke a garin wasu.

Da safe na kira shi.
Ban kai lambar da ke takardarsa ba,
ba zan yi ƙarya ba, ban kai ba.
Na ba shi abin da bango ya bari,
na ce kowane ƙarshen wata,
ba ran da na tuna ba.
Na sa ya rubuta a littafin bashi,
ni ne mai bashin wannan karon.

Ya ƙirga kuɗin a gabana.
Sau biyu.
Raina ya sosu, na buɗe baki,
sai na tuna wa ya koya masa
a auna sau biyu kafin a yanka.

Ya ce na gode.
Ya ce, da saura.

Ya mayar da takardar aljihu, ninki huɗu,
ya ja baƙin gilashi kan fuskarsa.
Na tsaya ina kallon wutar,
da idon da ya rage mini.